Tsuntsun da Ba Shi da Ubangida

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani babban lambun shaƙatawa a tsakiyar gari, inda mutane sukan yi sammako cikin watan Mayu, kowa da madubin hangen nesa a wuya, domin kallon tsuntsaye masu ƙaura kaɗai. Mu a Katsina ba mu da wannan al'ada. Amma wanda ya tsaya a bakin Babbar Kasuwa a ƙarshen bazara, ya ɗaga kai sama, zai ga abin da ya isa kallo: shirwa tana shawagi, balbela tana bin shanu, kuma idan ya yi sa'a ya ga shamuwa ta iso.

Shamuwa tana zuwa mana wajen watan Afrilu ko Mayu, gab da faɗuwar damina. Takan yi sheƙa a kan rimi ko kuka ko tsamiya a cikin gari, kusa da mutane, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta, ta yi ta cin fara da tsutsa a gonaki. Sa'ad da kaka ta yi, sai ta tashi ta haye zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda tasu daminar take farawa. Annabi Irmiya ma ya kawo misali da ita, yadda ta san lokatanta ba ta kuskurewa. Kakanninmu ba su taɓa ta. Yaron da ya ɗaga danƙo ya auna shamuwa, tun kafin ya saki wani babba ya kwaɓe shi, ko da ba ɗansa ba ne.

To, ga tambayar da ta sa na rubuta wannan. Shamuwa ba ta da ubangida. Ba ta kwana a akurkin kowa, ba wanda zai kai ƙara wurin mai unguwa idan aka kashe ta. Shin abin da ba na kowa ba, na wanda ya fara kai hannu ne?

Da yawa cikinmu haka muke ɗauka, ko da ba mu faɗa da baki ba. Sai dai tsuntsu mai ƙaura yana ƙaryata wannan tunani, gama ba mu kaɗai muke jiransa ba. A shekarar 1822, a kusa da garin Klütz na ƙasar Jamus, an sami wata farar shamuwa irin ta Turai da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock, kuma tana cikin abubuwan da suka tabbatar wa Turawa inda tsuntsayensu suke zuwa da hunturu. A shekarar 1969 kuma, bayan fari ya taɓa yankinmu na Sahel, mutanen Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani kowace shekara ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu. Ruwa ya ƙi sauka a nan, shiru ya sauka a lambunansu. Ashe tsuntsun da ya sauka a fadamun Hadejiya da Nguru, ko a bakin dam ɗin Jibiya, akwai masu zuba ido su ga dawowarsa a wata ƙasa da ba mu taɓa takawa ba. An ce baƙo raɓa ne. Haka ne, amma wannan baƙo amana ce da ta ratso ta hannunmu za ta wuce wurin wasu.

Shamuwa dai tana da farin jini, domin albishir take kawowa, kuma girmama mai albishir ba wuya. Gwajin gaskiya yana wurin ungulu. Dattawa za su gaya muku yadda a da ungulaye suke cika mayanka da bayan kasuwa, suna tsalle a tsakanin mahauta kamar kaji, suna kwashe hanji da mushe kafin su yi ɗoyi. Ita ba baƙuwa ba ce, 'yar gari ce, kuma ba wanda ya taɓa yi mata kirarin kirki. Yau sai mutum ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa wannan ungulu tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Cikin manyan dalilai akwai guba da ake sa wa mushe, da kuma cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta a kasuwannin Afirka ta Yamma domin tsafi da neman sa'a. Indiya ta riga mu ganin sakamakon irin wannan: a shekarun 1990 wani maganin dabbobi ya kusan ƙarar da ungulayenta, mushe ya taru, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, tare da haɗarin cizon mahaukacin kare.

Wani zai ce, mutumin da bai ci abincin dare ba, za a hana shi kama tsuntsu ya sayar? Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Yunwa ba ta jin wa'azi. Amma a ganina babban alhaki ba ya kan mai tarko. Yana kan mai kuɗin da ya aika a nemo masa kan ungulu domin ya ci zaɓe ko ya fi maƙwabcinsa ciniki, wanda ba yunwa ce ta kore shi ba. Shi ya sa wa abin farashi, shi ya mai da mai shara ta gari hajar sayarwa. Mu da muka sani muka yi shiru ma muna da namu kason, domin wannan bakin da yake kwaɓar yaro saboda shamuwa bai taɓa buɗewa saboda ungulu ba.

Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, ta daɗe tana renon ɗan. Idan aka hau bishiya aka ɗauke wannan ƙwai, sau da yawa aikin shekara guda ke nan ya tafi, alhali hanji da mushen bayan kasuwa suna nan suna jiran mai kwashewa.