Mai Kai Mutane Coci

A Bè-Kpota ta birnin Lome akwai wani saurayi ɗan Tsibiri, kusa da Maradi, mai sana'ar kabu-kabu, abin da mutanen Togo ke kira zemijan. Kirista ne, ɗan gidan Kirista. Lahadi ita ce ranar kasuwarsa: tun asuba yake jigilar masu zuwa sujada, wasu har babbar majami'ar Katolika ta bakin kasuwa, wadda aka gina a 1902 zamanin Jamusawa. Ya san ƙofar kowace coci, bai san cikin ko ɗaya ba.

Wani tsoho mai gadi, mutumin Galmi, yakan hau bayansa duk Lahadi. Rannan da ya sauka sai ya ce, "Ɗana, ba ka shigowa?"

"Baba, ai zaman benci ba ya ba da ceto. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wace majami'a ya taɓa shiga? Ga shi an yi masa alkawarin Firdausi."

Tsoho ya yi dariya. "Gaskiyarka. Bulus ya koya wa Afisawa cewa ceto alherin Allah ne ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba. 'Yan Katolika sun ɗauki sujadar Lahadi farilla, mu muna cewa zumunci ne, amma ba wanda ya ce benci ke ceto. Sai dai ɓarawon nan an kafe masa hannu da ƙafa. Kai kuwa babur gare ka."

Yaro ya karɓi kuɗinsa, ya ba babur wuta.

Da damina ta kankama, wata tirela da ta fito daga tashar jiragen ruwa ta goge shi, ƙafa ta karye. Maigidan hayarsa, wani Alhaji mai sayar da goro, shi ya kai shi asibiti ya biya kuɗin magani. Matan gidan suka riƙa aika masa kunu. Sati uku yana kwance, cikin duk waɗanda ya sauke a ƙofar coci ba wanda ya leƙo. Ba mugunta ba ce. Ƙeyarsa kawai suka sani.

Wani dare Alhaji ya zauna bakin tabarmarsa. "Yaro, ranar da aka kwaso ka hankalina ya tashi. Ga maƙabarta nan kusa da mu. Da ta Allah ta kasance, wa zan miƙa wa gawarka? Mu ba mu san yadda kuke yi wa naku ba. Na aika coci uku, kowa ya ce bai san ka ba."

Yaro ya kasa cewa komai. Amsar ɓarawo tana bakinsa, amma Alhaji bai tambaye shi zancen Firdausi ba.

Washegari ya aika a kirawo tsoho. Tsoho ya zo da mutum huɗu, suka yi addu'a da Hausa, da Ewe, da Faransanci, Alhaji yana zaure yana jan carbi.

Yanzu duk Lahadi da ƙarfe takwas babur ɗin yana jingine a bangon wata ƙaramar majami'a har awa biyu. Cinikinsa ya ragu, kuma rabin wa'azin da Ewe ake yi, wadda har yau bai gama ji ba. Benci na ƙarshe yake zama, kusa da Baba, saboda ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai.