Wa ke ɗanɗana miya kafin a kai wa baƙo?

A watan Disamba na 2020 kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Cyberpunk 2077, bayan ya ɗage ranar fitarsa har sau uku. Miliyoyin mutane sun biya kuɗinsa tun bai fito ba. Da suka kunna shi a na'urorin PlayStation 4 da Xbox One, sai wasa ya riƙa sandarewa yana mutuwa a hannunsu. Ashe ƴan jaridar da suka yabe shi kafin fitarsa ba a ba su damar gwada shi a kan waɗannan na'urori ba. Mako guda bayan haka Sony ya janye shi daga kasuwarsa, bai mayar da shi ba sai Yuni 2021.

Malamin lakwal a Agye ko Gazawa yana iya cewa ina ruwan talaka da wasan ƴaƴan masu hali. Amma abin da ya faru ya shafi amana. A masana'antar wasanni akwai ma'aikacin da ake kira mai gwaji, wanda zai wuni yana buga wuri guda, yana tura ɗan wasa jikin bango, yana neman inda aiki zai ɓalle. Albashinsa kaɗan ne, labarinsa kuma ba mai daɗi ba ne, domin shi ke cewa a dakata alhali kowa na ɗokin kasuwa. In an ƙi jin tasa, gwajin bai faɗi ƙasa ba: ya koma kan mai saye ne, wanda ya biya kuɗin kaya gamamme, aka mayar da shi ɗan ɗanɗano ba da saninsa ba. Uwargidan da ta kai wa baƙo miyar da ba ta taɓa da harshenta ba, ta ɗora masa aikinta ke nan.

Intanet ta sauƙaƙa wannan hali, tun da ana iya aika gyara bayan an sayar. Daga nan "a fitar yanzu, a gyara daga baya" ya zama ɗabi'a, ita kuwa ɗabi'a ba ta tsayawa inda aka haife ta.

Mutanen Tibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, sun san kayan da ba su karɓar gyara. Tun daga 1985 garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse wanda sinadarin fuluwo ya yi wa yawa, ninki uku zuwa huɗu na miligiram 1,5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ruwan garau yake, ido ba ya ganin aibinsa. Awo kaɗai ke tona shi. Shekaru kusan goma sha biyar yara suna sha, haƙora suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Ƙungiyar ANDDH ta kai ƙarar kamfanin ruwa na ƙasa, SNE, FIDH kuma ta wallafa rahoto a 2002.

Cyberpunk 2077 ya sha gyare-gyare, har a 2023 masu sukarsa suka koma yabonsa. Yaran Tibiri na wancan zamani yau magidanta ne da matan aure, da ƙafafun da suka tashi da su suke tafiya.