ANNOBA DA HAKKIN MAƘWABTAKA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba su manta da sanƙarau na shekarar 2017 ba, wanda ya fi tsanani a Jihar Zamfara. A Nijeriya duka an ƙidaya mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuwa suka riga mu gidan gaskiya. A lokacin an ji masu cewa azaba ce saboda zunubi. Tuba wajibi ce kullum, amma shari'a ba ta ce a tuba a naɗe hannu ba.

A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta auka wa ƙasar Sham. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya kai Sarg, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal sun rasu a cikinta, alhali suna cikin zaɓaɓɓun al'umma, saboda haka kamuwa da ciwo ba shaidar saɓo ba ce. Da Amru ɗan Asi ya karɓi jagoranci, sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah Ya ɗauke ta.

Likitoci sun bayyana cewa sanƙarau yana yaɗuwa ne ta tari da atishawa, musamman a ɗaki mai cunkoso marar taga, tun daga hunturu har bazara. Alamunsa zazzaɓi ne da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, kuma jinkirin yini guda yana iya cin rai.

To, nan ne aikin unguwa yake. Liman ya faɗakar bayan salla. Mai unguwa ya kai rahoto da wuri, ya tsaya a yi allurar rigakafi. Malamin tsangaya ya rage almajiran da ke kwana a zaure guda. Mai mota ya kai maras lafiya asibiti, mawadaci ya biya wa talaka kuɗin magani. Kula da majinyaci farilla ce ta kifaya. In kowa ya yi shiru, laifin ya hau kan unguwa duka. Wanda kuma ya ɓoye maras lafiya don kunya, ya ci amanar maƙwabcinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare al'umma daga kowace annoba, amin.