Mafaka ko Ɗakin Bauta? Tsokaci a kan Lambun da ke Ƙarƙashin Akwatin Kifi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akwatin gilashin da ake kiwon kifin ado a ciki, ruwan garau tamkar babu shi, da wuya ya tambayi inda ƙazantar kifin take tafiya. Alhali kifi yana fitar da amoniya dare da rana, wadda kaɗan daga cikinta kan halaka shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya su ke mayar da ita naitirait, daga nan zuwa naitiret mai sauƙin illa, amma shi ma taruwa yake yi har sai an sami mai kwashe shi.

Tun a shekarar 1850 wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa idan aka haɗa kifi da ciyawar ruwa da katantanwa a mazubi guda, kowane kan rayu da abin da ɗan'uwansa ya zubar. Sai dai ba kowane kifi ne ke barin tsiro ya zauna lafiya ba. Jajayen kifin ado cinye shi suke yi, dangin karfasa kuwa su tone saiwarsa. Saboda haka masu wannan sana'a suka ware wani ƙaramin akwati, galibi a ɓoye cikin kabad a ƙarƙashin babban, suka dasa tsirrai masu saurin girma irin su kainuwa. Ruwa ya gangaro da dattinsa, tsirrai su tsotse, injin ya sake tura shi sama. Wasu ma kan kunna wa lambun fitila da dare, lokacin da babban akwatin ke cikin duhu, domin kifi ya sami iskar oksijin yana hutawa. Sunan da suka laƙaba wa wannan akwati daga Latin ya fito, ma'anarsa kuwa mafaka.

A nan ne tambayarmu ta taso. Shin wurin da aka kāre ka domin a ci moriyarka ya cancanci a kira shi mafaka? Gaskiya ne an tserar da kainuwa daga bakin kifi, amma an tserar da ita ne don ta sha abin da kifi ya kasayar, a inda baƙo ba zai gan ta ba. Bugu da ƙari, dattin ba ya barin ruwan sai ranar da mai akwatin ya sa hannu ya yaye rabin ganyen ya fitar. Wanda ya ba ta mafakar, shi ne kuma mai yankan ta.

Duk da haka, a ganinmu sunan bai zama ƙarya ba, kuma dalilinmu yana cikin yadda abin ke aiki. Tsiro ba ya tace ruwa sai yana girma. Idan mai akwatin ya yi rowar haske, ganyen ya yi rawaya ya ruɓe, to duk abin da ya tsotsa zai koma cikin ruwan, kifin da ake taƙama da shi ya fara haki. Wato amfanin mai gida a ɗaure yake da lafiyar wanda ya fake, ba zai sami ɗaya ba tare da ɗayan ba. Muna ganin da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace irin kāriya, maimakon tsayawa binciken niyyar mai bayarwa, wadda dama ba kasafai take zuwa babu gauraye ba.

Mai karatu zai riga mu tuna yaran gida da masu kwasar shara, waɗanda tsabtar falo ke rataye a wuyansu, ɗakinsu kuma yana can bayan gida. Misalin ya yi daidai har zuwa wani matsayi, daga nan ya gaza. Kainuwa ba ta da ra'ayi game da kabad, haske da abinci sun ishe ta. Yaron da aka ɗauko daga ƙauye aka ba shi ci da sha da makwanci yana iya yin ƙiba a gidan, amma yana da bakin da zai faɗi ko nan yake son zama, kuma sau da yawa ba a tambaye shi ba.