Tsohon Kaya, Sabon Farashi

A Fabrairun 2024 litar fetur a Kamaru ta tashi daga sefa 730 zuwa 840. Tambayata: mai shago a unguwar Hausawa ta New Bell, da ya saro shinkafa kafin ƙarin, ya halatta ya sayar a sabon farashi?

Yana da hujja. In ya sayar yadda ya saba, kuɗin ba za su sake sayo masa buhu ba. Shi kuma leburan masana'antun Bassa, albashinsa ba ya bin farashi.

A ganina, ƙara abin da zai maido buhun adalci ne. Amma mai ɓoye kaya har su yi tsada, da yunwar maƙwabcinsa yake ciniki. Tsadar rayuwa ta zubar da jini a Douala a 2008. Kada mu manta.