Ledar da ka jefa a kwata, wa za ta kashe?

Duk wanda ya daɗe a Sabo ya san abin da ke faruwa idan hadari ya haɗo. Kafin ɗigon farko ya sauka, sai ka ga yara sun fito da bokitai da buhunan shara, suna jiran kwata ta kawo ruwa su juye. Uwar gida ce ta aiko su, ko mai shago. Ruwa ya kwashe, ƙofar gida ta yi fes, kowa ya koma ciki hankali kwance. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta, 'yan uwa, ita ce: in sharar nan ta je ta toshe wata gada, ruwa ya shiga ɗakin wani ya ci ɗansa, akwai alhakin wannan rai a wuyan wanda ya zuba ta ko babu?

Ibadan gari ne na tuddai da kwari. Ruwan da ya bar kwatocinmu gangarawa yake yi, ya shiga ƙananan rafuka, ƙarshensa Ogunpa ko Ona. Dattawanmu ba su manta ranar 31 ga Agusta 1980 ba, zamanin gwamna Bola Ige, da Ogunpa ya yi ambaliya ya ci ɗaruruwan mutane. Yarbawa har yau suna ce wa abin Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Sai kuma 26 ga Agusta 2011, ranar Juma'a, muna cikin goman ƙarshe na azumi. An yi ruwa na awoyi, dam ɗin Eleyele ya cika ya tumbatsa, gadar Apete ta karye, sama da mutum 100 suka rasu. Ruwan ya yi yawa, wannan gaskiya ne. Amma da gari ya waye kowa ya ga abin da ya maƙale a bakin gadoji da kwalbatoci: leda, robobin lemo, tsummokara, tsofaffin katifu, tayoyi. Kwalbati ramin wucewa ne mai iyaka. In rabinsa ya cika da shara da yashi, rabin ruwan ne zai bi ta ciki, sauran ya nemi hanya ta gidajen mutane.

Amsar da na fi ji a majalisa ita ce ƙaddara. Ruwa na Allah ne, ajali na Allah ne, babu musulmin da zai musa wannan. To amma Sayyidina Umar, da ya doshi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da mutanensa, ya kuma nuna wa masu ganin ya guje wa ƙaddara cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Mu kanmu ba ma yin wannan hujjar a kan dukiyarmu. Mai canji ba ya barin jakarsa a kan benci ya tafi masallaci ya ce in an ƙaddara za a sace za a sace. Mai goro yana yayyafa wa huhunsa ruwa, yana duba shi kullum don kada ya lalace. Sai in abin ya shafi ran wani da ba mu sani ba, a nan ne muke tuna tawakkali.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi damuna. Mutum zai ce: leda ɗaya ce fa, Malam. Ko na zuba ko ban zuba ba, gadar nan za ta toshe da sharar mutum dubu. Kuma ba a taɓa ciro leda daga ƙarƙashin gada an ga sunan mai ita ba. Wannan haka yake. A fikihu malamai sun yi maganar wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, wani ya faɗa ya mutu; suka ce yana da lamuni ko da bai yi nufin kisa ba. A can mai laifin ɗaya ne, ana iya nuna shi. Namu ramin kuwa mutum dubu ne suka haƙa, kowa da cokali ɗaya, don haka alƙalin duniya ba shi da wanda zai kama. Sai dai rashin sanin rabon kowa matsalar alƙali ce. Wanda zai yi hisabi gobe ya san ledar wane ce ta tsaya a ina. A ganina yawan masu laifi yana ɓoye mutum ne kawai, kasonsa na nan yana jiransa. Kuma wanda ya jira sai ruwa ya kawo sannan ya juye shara, ai ya san tafiya za ta yi. Dalilin da ya sa ya jira ke nan. Bai dai tambayi inda za ta ba.

Ba na ɗora komai a kan talaka. Akwai masu kuɗin da suka gina gidaje da shaguna a bakin rafi har suka matse shi, kuma wani ma'aikaci ne ya sa musu hannu. Akwai sabon yayin shafe tsakar gida da siminti gaba ɗaya, ƙasa ba ta samun inda za ta sha ruwa, duk abin da ya sauka daga kwano sai ya fito titi a guje. Motar shara ma takan yi makonni ba ta leƙo wasu lunguna ba, kuma matar da ke neman na cefane ba za ta fara da kuɗin shara ba. Gwamnati ta yi aikin gyara bakin Ogunpa da kankare, bayan 2011 kuma Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 200 don maganin ambaliyar Ibadan. Duk da haka kwatar da ke ƙofar shagona ba injiniya ne zai zo ya yashe ta ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Sabo ta haura shekara ɗari, an haifi kakannin wasunmu a nan, amma da zarar wani abu ya ɓaci a gari, baƙo ake fara kallo. Waɗanda ke zaune a kwari maƙwabtanmu ne, su ne abokan cinikinmu, da yawansu sahu ɗaya muke tsayawa da su ranar Juma'a. Haƙƙin maƙwabci da muke karantar da yara a Islamiyya ya kai har inda ruwan kwatarka ya kai.

Shawarar da zan kai wa kwamitin masallacinmu kafin ruwa ya kankama ita ce kowane layi ya haɗa kuɗin mai kwashe shara a asusu ɗaya, masu shaguna su ɗauke wa zawarawa da tsofaffi nasu kason. Matasa su yashe kwatoci tun watan Maris, kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, domin in aka tara shi a gefen titi ruwan farko ne zai mayar da shi inda ya fito. Masu sayar da ruwan leda da masu suya kowa ya ajiye buhu a gefen teburinsa. Ni zan sa Bahaushen lebura biyu da baro ɗaya a layinmu na wata uku, sauran layukan su faɗi abin da za su iya.