Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka



A karkararmu, firist ɗaya ne yakan kula da ƙauyuka masu yawa. Da damina, in rafi ya kawo, wani ƙauyen sai ya yi makonni bai ga Fada ba. Cikin makonnin nan ana haihuwa, ana ciwo, ana mutuwa. Amma sau da yawa in mun iso, sai mu tarar an jingine kome, ana cewa, "Sai Fada ya zo." Yara ba su koyi katikisim ba, mara lafiya kuwa ba wanda ya je ya yi addu'a tare da shi.

Laifin ba na jama'a kaɗai ba ne. Mu firistoci ma mukan riƙe makullin kome a aljihunmu, daga asusu har zaɓen waƙar Lahadi, sa'an nan mu yi kukan gajiya. Haka Musa ya yi a Littafin Fitowa sura 18, yana shari'a daga safe har yamma, sai da surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya naɗa amintattun mutane bisa dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. Manzanni ma, a Ayyukan Manzanni sura 6, sun danƙa rabon abinci ga mutum bakwai, domin kada a manta da matan da mazansu suka rasu.

Ikilisiya ba ta bar wannan tafarki ba. A shekarar 1964 Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar cewa duk mai baftisma yana da rabo cikin firistancin Almasihu. A 1995, a Yawunde, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙarfafa mu mu zama Iyalin Allah. A 2021 kuma Paparoma Faransis ya kafa aikin katikis a matsayin hidima tabbatacciya.

Hadayar Misa, da gafarta zunubai, da shafe marasa lafiya da mai, aikin firist ne. Amma katikis yana iya bi da sujadar Lahadi. In jariri yana bakin mutuwa kuma ba firist, kowannenmu yana iya yi masa baftisma. Zumuntar Mata tana iya ziyartar majiyyata, dattawa su sasanta ma'aurata. Dokar Ikilisiya ta 1983 ma ta wajabta wa kowace farish kwamitin kuɗi.

Saboda haka, mu firistoci mu saki abin da ba namu kaɗai ba ne, mu saurari shawara. Ku kuma ku karɓi naku rabon, ku tallafa wa katikis ɗinku da hatsi da aikin gayya, gama shi ma yana da iyali. Kada wani ya sake mutuwa a ƙauyenku babu addu'a don ana jiran Fada.

Allah Mai Iko Dukka ya albarkace ku. Amin.